Gurbin Baƙo na Uku

Shekarar da na yi ban kwana da wasan zari-ruga ita ce shekarar da kulob ɗinmu ya kai wasan ƙarshe na kofin ƙasashe uku, kuma ban buga wannan wasan ba. Lafiyata ƙalau, ba a dakatar da ni ba, ban yi wa kowa laifi ba. Da bakina na ba da gurbina, a gaban shaida, har ina murmushi. Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na yi tumbi, amma in na tuna wannan murmushin sai in ji ƙeyata ta ɗauki zafi.

A lokacin ina Kuala Lumpur, tsakiyar shekarun dubu biyu, ina karatun digiri na biyu a wata kwaleji da ke Setapak. Ɗakina yana hawa na tara a wani dogon gini da ya cika da ɗalibai 'yan Afirka, inda in ka shiga lif za ka ji ƙamshin miyar ƙasashe huɗu kafin ka kai hawanka. Wasan kuwa tun a Kaduna na koye shi, a wani fili da Turawan masaƙa ke taruwa ranar Asabar. Wani cikinsu ya gan ni ina kallo, gajere, mai faɗin kafaɗa, wuya kamar turmi, ya yafito ni. Daga ranar aka ba ni riga mai lamba uku, ban sake sa wata ba.

Ga wanda bai san wasan ba, akwai lokacin da alƙali zai tsayar da komai, mutum takwas daga kowane ɓangare su sunkuya, su haɗa kafaɗu, a jefa ƙwallo a tsakiya, su yi ta ture juna. Mu muna ce masa turereniya. Mai lamba uku yana sahun gaba, kansa a matse tsakanin kawunan abokan hamayya biyu, nauyin kowa a wuyansa. Ba ya cin maki, ba a ɗaukar hotonsa, 'yan mata ba sa tambayar sunansa. In an ci wasa a yaba wa masu gudu, in an sha kashi a ce 'yan gaba ne suka yi laushi. Ni dai ina son aikin, son da ban taɓa iya yi wa mahaifiyata bayaninsa ba. Ita a wurinta na bar gida na je ƙasar Sin da maƙwabtanta don ƙarti su riƙa hawa wuyana.

Kulob ɗinmu yana da fili kusa da tafkin Titiwangsa. Mu ba ƙwararru ba ne sosai, ba kuma 'yan sha'awa kawai ba. Ana ɗan ba mu abin shiga mota da na abinci, amma kowa da sana'arsa. Kyaftin ɗinmu ɗan sanda ne, Bamale, wato ɗan asalin ƙasar, mai sanyin magana da zafin kafaɗa. Akwai ma'aikatan banki, da malamin firamare, da wani mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki wanda kullum yake zuwa atisaye da tsani ɗaure a babur. Kocinmu tsohon Bature ne ɗan Ostireliya, jan fuska, ƙaton ciki, mutumin kirki wanda duk abin da ka faɗa masa haka yake ɗaukarsa. In ka ce ka ƙoshi, ya janye farantin.

Sai kuma yaron nan. Ina ce masa yaro ne don na girme shi da shekara shida, amma ya kai ashirin da biyar. Ɗan maƙwabtanmu ne a Zariya, coci ɗaya iyayenmu suke zuwa. Da ya zo karatun kwamfuta ni na tarbe shi a filin jirgi, a ɗakina ya sauka, a kan katifata ya kwana wata uku kafin mu samo tasa. Ni na koya masa hawan jirgin ƙasa na cikin gari, na koya masa cewa tapau in yana so a ƙunsa masa abinci ya tafi da shi. Yaya yake kirana, bai taɓa kama sunana ba ko da wasa. Na gaji da ganinsa kwance yana latsa waya, ranar nan na ce ya tashi ya raka ni fili.

Ashe barewa na ajiye a ɗaki ban sani ba. Siriri ne, dogo, in ya karɓi ƙwallo a gefen fili sai dai a bi shi da ido. Matsalarsa ɗaya, tsoron karo. In ƙato ya nufo shi sai ya rufe ido ya miƙa hannu kamar mai tare akuya. Na yi watanni ina kai shi bakin tafki ranar Lahadi bayan mun taso daga coci a Brickfields, ina rugowa a guje ina faɗa masa, yana kama ni a cinya, muna zubewa a ciyawa, masu yawo da iyalansu suna tsayawa kallon mahaukata biyu. Ranar da ya fara kayar da ni da gaske, har numfashina ya ɗauke, na fi shi murna. Na kai shi mamak, rumfar abincin nan ta Indiyawa Musulmi da ke ƙasan gininmu, na ce ya ci abin da ransa ke so.

A shekararsa ta biyu aka shigar da mu kofin. Kulob shida ne, biyu daga Malesiya, biyu daga Singafo, biyu daga Tailan, kowa ya je gidan kowa. Kuma akwai doka ɗaya da ta shafe mu: ba a rubuta baƙi fiye da uku a takardar wasa. Mu kuwa baƙi huɗu ne, da ni, da yaron, da wasu ƙarti biyu 'yan tsibirin Fiji waɗanda ko mahaukaci ba zai ajiye su a benci ba. Tun farko na hango inda abin zai kai mu. Amma a wasan farko ɗaya daga cikin 'yan Fijin ya karye a hannu, aka naɗe shi da filasta, gurbi ya ishe mu. Allah Ya yafe mini, na je gaishe shi asibiti da lemo, amma a kan hanyar dawowa fito nake yi.

Wannan kakar ita ce ta ƙarshe a wurina, kowa ya sani. Karatuna ya zo ƙarshe, takardar zamana za ta ƙare wata biyu bayan kofin, gwiwata ta hagu kuma ta fara yi mini gargaɗi duk safiya. Shekara goma sha uku ina sa kaina cikin turereniya, ban taɓa buga wasan ƙarshe na komai ba, ko na unguwa. Abin da nake so ke nan, ba wani abu ba. In fito da riga mai lamba uku a ranar da ake ajiye kofi a kan tebur a gefen fili.

Mun sha hanya a kakar nan. Zuwa Singafo bas muke shiga da asuba, a yi ta waƙa da zolaya har Johor. A bakin iyaka kowa ya wuce cikin minti biyar, mu biyu masu koren fasfo a ce mu koma gefe. Sai mu zauna a benci ɗaya, ni da shi, muna kallon bas ɗinmu ta gilashi, mutum ashirin da wani abu suna jiranmu. In an sake mu muka hau, sai duk bas ta ɗauki tafi kamar mun ci maki. Da farko abin yana yi masa ciwo, ni nake ba shi baki, ina ce masa ya ajiye fushin sai an shiga fili. Ya kuwa riƙa ajiyewa. A Singafo ya dire ƙwallo bayan layi ya ci maki sau biyu a wasa ɗaya, wani Bature mai kallo ya tambaye ni ko ƙanena ne, na ce ƙwarai kuwa, ciki ɗaya.

Tailan kuwa jirgin ƙasa muka bi. A can na gamu da wani mai lamba ɗaya, wanda ke fuskantata a turereniya, gajere kamar ni, sojan ruwa, wanda ya yini yana cusa kansa ƙarƙashin haƙarƙarina. Mun ci wasan da ƙyar, na fito ba na iya juya wuya. A hanyar dawowa yaron ne ya zauna kusa da ni yana danna mini ƙanƙara a ƙeya, gonakin roba suna wucewa ta taga. A nan na faɗa masa abin da ban faɗa wa kowa da baki ba. Na ce, "Ka ga ni, in na buga wasan ƙarshe sau ɗaya, ko mun ci ko ba mu ci ba, na gama. In koma gida in nemi aiki in yi ƙiba." Ya yi dariya ya ce, "Yaya, za ka buga. Ni zan kai ka da ƙafafun nan." Na ji daɗin maganar har na manta da wuyan.

Wasan kusa da na ƙarshe a filinmu aka yi. Saura minti kaɗan a tashi muna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sai aka ba su turereniya taku biyar daga layinmu. Sau huɗu alƙali yana sa a sake. Sau huɗu suna zubo mana nauyinsu, ina jin ƙashin bayana yana ƙara, ƙafafuna suna nutsewa cikin laka, ban ja da baya ba ko taku ɗaya. Da aka busa tashi kyaftin ya kama kunnuwana biyu ya sumbaci goshina, shi da ko gaisawa ba ya tsawaitawa. Mun kai wasan ƙarshe, kuma a gida za a buga, da wani kulob na Singafo.

Ranar Litinin da muka zo atisaye, sai ga ɗan Fijin nan an cire masa filasta, yana jujjuya hannu yana washe baki. Kowa ya yi masa barka. Ni ma na yi, ina lissafi a raina. Lissafin ba wuya: gurbin baƙi uku ne, biyu nasu, saura ɗaya, mu kuma biyu ne, ɗaki ɗaya muke kwana. Duk makon ba wanda ya tayar da zancen a tsakaninmu. Ni dai hankalina bai tashi sosai ba. Damina ce, kullum da la'asar sai an yi ruwa, fili ya zama fadama, kuma a cikin laka mai lamba uku ya fi mai gudu amfani. Bayan haka ni ne babba, shi yana da sauran shekara biyu a ƙasar.

Ranar Alhamis bayan atisaye, rana ba ta gama faɗuwa ba, koci ya ce mu biyu mu same shi a mamak ɗin da ke bakin titi, kyaftin ma ya zo. Aka kawo shayin madara kofi huɗu. Koci ya share gumi, ya ce da Turancinsa na cikin hanci, ba ya son ya raba tsakanin 'yan'uwa a ɓoye, shi ya sa ya tara mu. Gurbi ɗaya ne, gobe da azahar zai miƙa takarda. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Kai ne babba. Fara faɗa mini, wa kake ganin ya kamata ya buga?"

A gidanmu, in babba da ƙarami suka tsaya a gaban abu ɗaya, babba ne ke fara cewa ɗauka. Ba don ba ya so ba. Yana faɗa ne don a san shi babba ne, ƙaramin kuma ya ce a'a, ai naka ne, don a san ya sami tarbiyya. A yi haka sau biyu, sau uku, sannan abin ya sauka a hannun wanda kowa ya san nasa ne tun farko. Kara ke nan, da ita aka raine mu, shi da ni. Shekara biyu muna yin ta a ƙasar mutane, a kan tsokar kaza ta ƙarshe, a kan kujerar bakin taga a bas, a kan wanda zai fara shiga wanka. Ko sau ɗaya bai taɓa kuskure nasa ɓangaren ba. Saboda haka ban ko yi tunani ba, bakina ya yi abin da ya saba. Na yi murmushi na ce, "Koci, a ba yaro. Shi ke da gobe."

Na juya ina kallonsa, ina jiran amsar da na san tana zuwa, har na shirya abin da zan mayar masa. Ya sunkuyar da kai yana juya cokali a cikin kofi. Cokalin ya zaga ya zaga. Sannan ya ɗago, bai kalli idona ba, ya ce da Hausa, "Na gode, Yaya." Ya juya ga koci ya ce, "Thank you, coach. Ba zan ba ku kunya ba."

Na ji kamar an zare kujerar da nake kai. Koci ya miƙo hannu ya damƙi nawa, idonsa har ya kawo ruwa, yana cewa a shekarunsa na wasa bai taɓa ganin irin wannan zuciya ba. Kyaftin ne kawai ya gane. Su ma Malawa suna da irin tamu, sun san ba kowace a'a ce a'a ba. Ya ajiye kofinsa, ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce a hankali, "Sure ah, bro?" Yana tambayata ko na tabbata, yana buɗe mini ƙofa. Amma ta ina zan bi? In ce wa Bature wasa nake yi? In lashe amaina a gaban ƙanena, in ce a'a, ni nake so, kamar yaro a gaban alewa? Na sake kallon yaron, na ba shi dama ta biyu. Yana karanta takardar farashin abinci da ke manne a bango, wadda ya haddace tun bara. Na ce, "Na tabbata."

A bas zuwa Setapak yaron ya yi ta surutu a kan mai tsaron gefen Singafo, wai yana da nauyin juyawa ta hagu. Duk da haka ban fid da rai ba, don sai gobe da azahar za a miƙa takarda. Na ce a raina kunyar Bature ce ta kama shi, in mun kwana zai dawo cikin hayyacinsa. Ranar Juma'a ina da ganawa da malamin da ke duba kundin bincikena, na ƙi zuwa. Na zauna a ɗaki tun safe, na buɗe littafi a gabana ina kallon shafi ɗaya, ina jiran ya ce, Yaya, tashi mu je wurin koci. Ya yi wanka, ya goge takalmansa, ya sa musu sabuwar igiya. Wajen sha ɗaya da rabi ya tsaya a kaina, na ɗauka maganar ce ta zo. Ya ce, "Yaya, ina farin tef ɗinka na ɗaure idon sawu? Nawa ya ƙare." Na nuna masa jakata da baki.

Ranar Asabar aka yi ruwa kamar yadda na sani za a yi. Filin ya cika, har 'yan Najeriya na gininmu sun zo da ganga ɗaya da suka aro a coci. Rigata aka ba wani ɗan Sin haifaffen Malesiya, ɗan ƙasa, mai karatun haɗa magani, yaron kirki, wanda ni na koya masa inda ake dasa ƙafa. Ni kuma aka ba ni riga mai ruwan ɗorawa ta masu kai ruwa, don in samu shiga fili in ba a wasa. Na yi ta kai gora ina dawowa cikin laka, mutane suna dafa kafaɗata. Labari ya riga ya zaga, kowa yana kallona da irin kallon da ake yi wa wanda ya ba da ƙoda.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A turereniya ta farko na so a tura mu baya. Na so a niƙe mu, a ga ramin da na bari, koci ya juyo ya kalle ni. Ba a yi ba. Ɗan Sin ɗin ya sha wuya, ya yi baya sau biyu, amma ya tsaya. 'Yan Fiji suka yi aikinsu. Yaron kuwa a cikin wannan ruwa ƙwallo ba ta kai gefensa ba sai sau uku, bai ci ko maki ɗaya ba, rigarsa ma ba ta yi dattin kirki ba. Muka ci kofin. Wannan ya fi komai ci mini rai, ashe za a iya ba tare da ni ba, kuma shi ɗin da ya karɓi gurbin bai yi komai da shi ba. Aka jera waɗanda sunansu ke takarda aka rataya musu lambar yabo ɗaya bayan ɗaya, ni ina gefe da gorar ruwa shida a hannu ina ƙoƙarin tafi.

Da yamma a rumfar kulob, ana ci ana sha, koci ya hau kujera ya yi jawabi, ya kira ni gaba, ya sa aka yi mini tafi. Da ya sauko ya rungume ni da hannu ɗaya, bakinsa ya saki saboda abin da ya sha. Ya ce, "Ka san wani abu? Ni kai na zaɓa tun ranar Litinin. Wasan ruwa ne, wasan 'yan gaba. Har na rubuta sunanka." Na ce to me ya faru? Ya ce, "Ƙanenka ne ya same ni ranar Talata. Ya yi mini bayanin al'adarku, ya ce babban cin fuska ne a yanke tsakanin wa da ƙane ba a tara su ba, kuma dole babba ya fara magana. Na gode masa da ya hana ni yin kuskure. Kyakkyawar al'ada ce, wallahi." Ya bubbuga bayana ya wuce wurin kofi.

Na tsaya a wurin da faranti a hannu. Can gefe yaron yana rawa da 'yan Fiji, lambar yabo tana tsalle a ƙirjinsa. Ashe ba kunyar Bature ba ce, ba kuma santsin baki ba ne. Zama ya yi ya auna ni tsaf, ya san inda zan taka, ya share wurin ya kira koci ya nuna masa. Da baƙo ne ya yi mini haka da na ce ya fi ni wayo, in wuce. Amma baƙo ba zai iya ba, sai wanda ya ci abinci a gidanmu. Na ajiye farantin na fita ba sallama, na taka da ƙafa har tashar jirgin ƙasa.

Washegari Lahadi muka je coci tare kamar kullum, muka zauna a benci ɗaya, aka ce a gaisa da na kusa muka gaisa. Sai da muka dawo ɗaki da rana, yana zuba shinkafar da muka yo tapau a faranti biyu, na ce, "Koci ya gaya mini ka je wurinsa ranar Talata."

Hannunsa ya tsaya. Ya ce, "Yaya, ai ban yi ƙarya ba. Ba haka ake yi a gida ba? Babba ke fara magana."

"Ƙarami kuma me yake cewa?"

Ya ajiye ledar, ya goge hannu a wando. Ya ce, "Yaya, nan ba Zariya ba ce lah. In kana son abu, you just say it. An tambaye ka fa, har sau biyu. Kuma an ce mini akwai mutanen wani kulob na Singafo da za su zo kallo, ni ma ina da future da zan duba."

Na ce, "Ba wannan na tambaye ka ba. Da ka je wurin koci, ka san abin da zan faɗa in an tambaye ni a gabanka?"

Ya ce, "Na sani."

Na yi zaton zan yi ihu, ko in ɗaga shi in maka da bango, don ko a lokacin hannu ɗaya ya ishe ni. Ba abin da ya zo. Baƙin ciki ne kawai ya cika mini ƙirji, irin wanda ba ya son hayaniya. Na zauna a bakin katifa ina kallon yaron da na koya wa daina rufe ido in an nufo shi, ga shi kuwa ya koya, yana tsaye a gabana idonsa a bushe.

Shirun ya yi masa yawa. Ya juya ya buɗe jakarsa, ya ciro lambar yabon, ya zo ya durƙusa a gabana kamar yadda ake yi wa manya a gida. Ya miƙo ta da hannu biyu, ya sassauta murya ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Karɓi wannan, wallahi kai ka cancanta. Taka ce."

Na dube shi. Fuskarsa a kwance take, ba fargaba ko kaɗan, fuskar mutumin da ya san amsar da za a ba shi. Jira yake in ce haba, bar ta, kai ka buga, sai ya mayar da abarsa jaka, mu ci shinkafa, a ce an shirya. Ba na son ƙarfen nan, ban buga wasan da aka ba da shi ba, ko a bango ba zan iya rataya shi ba. Amma na miƙa hannu na kama. Na ce, "Na gode."

Ya ɗago da sauri, bakinsa a buɗe. Igiyar tana naɗe a yatsunsa, sai da na ja sau biyu kafin ya saki.